Inji na biyu a Ƙofar Wambai

Yau na je sayen takalmi a Ƙofar Wambai, sai na tarar da wani matashi yana ware kuɗin man janareta tun kafin ya san ribarsa. Yara huɗu ne a ƙarƙashinsa, kowanne da busasshen gam a yatsunsa, kuma ya ce takalman nasu har Nijar ake kai su. Ya shaida mini cewa ba kyauta yake nema ba, wutar lantarki tsayayya yake so da rancen da zai sayi injin ɗinki na biyu.

Da na biyo ta Bompai, inda masana'antu da dama suka daɗe a rufe, sai na riƙa lissafin yara nawa zai ƙara ɗauka idan injin nan ya samu.