Abin da saiwar wake ta koya mini kafin in iya cewa "sabo"

Cikin marka na fara zuwa ɗibar samfurin saiwar wake don aikin digirina, a gonar kawuna da ke ƙauyenmu a ƙasar Kafin Hausa. Waken ya kai sati shida da shuka, ya soma fure a tsakanin kunyoyin gero. Na zo da ƙananan kwalabe, da almakashi, da littafin rubutu, na kama gindi ɗaya na tumɓuke. Saiwar ta fito fayau, ba komai a jikinta. Kawu yana tsaye da fartanya a kafaɗa, ya ce, "Ɗan nan, in 'ya'yan saiwar ka zo nema ai ka baro su a ƙasa." Ya durƙusa ya haƙa kewaye da wani gindin, ya ɗago shi da ƙasarsa gaba ɗaya, muka tsoma a bokiti muka girgiza a hankali. Sai ga ƙullutai jere a jikin saiwa kamar ƙwayar dawa. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa jajaja. Ya ce wanda ya yi ja haka shi ne mai rai, mai kore ko baƙi ya gama aiki.

Abin da ya faɗa daidai yake da abin da aka karantar da ni a aji. Jan nan wani sinadari ne mai kama da wanda ke sa jininmu ja, shuka ke yin sa don ta daidaita iskar oksijin a cikin ƙullutun, saboda ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune ciki su iya aikinsu. Aikin kuwa shi ne kamo naitirojin daga iska, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, su mai da shi abincin shuka. Abin da manomi ke sayen buhun yuriya dominsa, wake da gyaɗa da gujiya suna samun wani kaso nasa ta wannan hanya. Tun 1888 wani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, ya fara raba waɗannan ƙwayoyi daga ƙullutu ya rene su su kaɗai. Kawu bai taɓa jin sunansa ba, amma ya san gonar da aka yi wake bara geronta ya fi kyau bana, ya kuma san dalilin da ya sa ba a sare gawo a gona.

A gida da na ce ina karatun bakteriya, Inna ta ce Allah ya tsare, don ita abin da ta sani shi ne ƙwayoyin cuta. Sunan da muka ba su ke nan a Hausa, kuma sunan yana cutar da su. Masu sa cuta 'yan kaɗan ne a cikinsu. Ƙamshin ƙasar nan da muke ji in ruwan farko ya sauka, yawancinsa daga wani rukuni ne da ake kira Streptomyces, kuma daga wannan rukuni aka samo maganin streptomycin a 1943 a Amurka, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Ƙasa cikin ƙaramin cokali tana iya ɗauke da ƙwayoyi fiye da biliyan ɗaya, kuma mafi yawansu ba su yarda su tsiro a farantin ɗakin gwaji. Saboda haka ne duk ɗalibin da ya shiga wannan fanni yake ɗauke da buri ɗaya a ransa ko bai faɗa ba: ya gano jinsin da ba wanda ya taɓa bayyanawa. Ni ma da shi na shiga.

Burin nan ya kusa ɓatar da ni a watan farko. Ƙa'idar aikin ita ce a wanke bayan ƙullutu da sifirit, a jiƙa shi 'yan mintoci a ruwan bilic mai rauni, a ɗauraye sau biyar ko shida da ruwan da aka dafa a tukunyar turara a zafin digiri 121, sannan a murƙushe shi a shafa ruwan a kan faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin, wanda aka daskarar da wani gari mai sa ruwa ya yi kauri da ake kira aga, aka kuma zuba masa jan rini. A ajiye a ɗumin digiri 28. Kwana biyu kacal farantaina suka cika da tsiro iri-iri, wasu fari, wasu sun sha rinin sun yi ja. Na ɗauka da murna na kai wa Malama mai duba aikina. Ta ɗaga faranti ɗaya ta duba a hasken taga, ta tambaye ni kwana nawa ke nan. Na ce biyu. Ta ce, "To waɗannan baƙi ne. Masu gidan ba su tashi daga barci ba tukuna."

Yawancin ƙwayoyin da ke ƙulla saiwar wake 'yan rukunin Bradyrhizobium ne, sunan da aka ba su a 1982, kuma farkon sunan da harshen Girka yana nufin mai nawa, wato marar sauri. Sukan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai, wani lokaci fiye, kafin su fito ɗigo-ɗigo, ƙanana, ba su kuma shan jan rinin sosai. Masu saurin fitowa galibi waɗanda suka tsira ne a bayan ƙullutun don wankin bai yi ba, ko masu raɓe a ciki ba tare da suna aikin komai ba, kuma in an bar su sai su mamaye farantin kafin wanda ake nema ya leƙo. Na sake wankin, na ƙara ɗauraya, na koyi shafa ruwan ɗauraya na ƙarshe a faranti daban don in tabbatar ba abin da ya rage da rai a waje. Ko bayan na sami tsiro mai tsabta, Malama ba ta yarda in kira shi mai ƙulla saiwa ba sai da na shuka wake a yashin da aka dafa, na zuba masa ƙwayar, na bar wasu tukwanen ba a zuba ba, muka jira sati biyar muka ga wanne ya yi ƙullutu. Wannan jira ya fi komai yi mini wuya, kuma shi ya fi gyara ni.

Akwai abin da na raina da farko wanda daga baya shi ya ceci aikin gaba ɗaya, wato rubutun jikin kwalba. Ni lamba nake sawa da sunan gari. Kawu da maƙwabtansa ba sa ganin gona a matsayin abu ɗaya. Nan jigawa ce, can daɓaro, gefen nan fako ne ba ya riƙe ruwa, wancan kufai ne, tsohon mazauni, shi ya sa ya fi ƙarfi. Wani dattijo mai gona kusa da fadama ya ja ni zuwa wani lungu da ƙasar ke yin fari-fari da rani kamar an barbaɗa kanwa, ya ce komai yana wahala a wurin amma waken Kanannado yana jurewa. Daga ranar na soma rubuta komai: sunan ƙasar yadda mai gonar ya kira ta, irin waken, Kanannado ne ko Ɗan Ila ko na zamani, abin da aka shuka bara, ko an zuba takin gida, da lambobin wurin daga wayata. Na kuma soma neman izinin mai unguwa da na mai gona, in bayyana musu abin da zan yi da abin da na ɗiba.

Da bazara ta zo, wuta ta ɗauke kwanaki a jere, janareto kuma ya lalace. Ƙa'ida ita ce a ajiye ƙwayoyi cikin gilisarin a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, mu kuwa firiza irin ta gida muke da ita. Ta narke, ta sake daskarewa, ta sake narkewa. Kusan rabin abin da na raba cikin wata huɗu ya mutu ko ya gurɓace. Na yi kwanaki ba na iya cin abinci sosai. Abin da ya rage mini shi ne busassun ƙullutan da na adana a kwalabe da auduga da ƙwayoyin tsotse laima, kowace da cikakken bayaninta. Daga su na sake farawa, kuma waɗanda suka ƙi farfaɗowa na san gonar da zan koma da damina, har kunyar gonar da zan tsaya a kanta.

Daga lungun nan mai kanwa aka sami ƙwayar da ta hana ni barci. Mun tara kuɗi mun aika samfura a karanta mana wani yanki na DNA da ake kira 16S, mai harufa kusan 1,500. Carl Woese na Jami'ar Illinois ne ya nuna a 1977 cewa da wannan yanki ana iya gane dangantakar ƙananan halittu, har ya gano wani babban reshe na rayuwa da ba a san da shi ba. A yau in an sami sakamako sai a kwatanta shi da na GenBank, rumbun bayanan DNA, ta intanet. An daɗe ana amfani da kashi 97 cikin 100 a matsayin iyaka, daga baya aka ɗaga zuwa wajen 98.7: in kamanninka da duk wani sanannen jinsi bai kai haka ba, akwai alamar sabon abu. Tawa ta haura 99, kuma da jinsuna da yawa lokaci guda. Na ɗauka magana ta ƙare.

Malama ta ce a wannan rukuni 16S kamar sunan gari ne, kowa Hadejia, kowa Gumel, ba ya raba wa da ƙane. Jinsunan Bradyrhizobium daban-daban suna iya yin kusan daidai a wannan yanki. Sai an duba wasu yankunan da suka fi saurin canzawa, irin su recA da glnII. Muka aika na recA. Wannan karon ƙwayar ta tsaya a reshenta ita kaɗai, da 'yar tazara tsakaninta da na kusa da ita. Na rubuta "sabon jinsi" a daftarin babi na huɗu. Ta ja layi a kai da jan biro, ta ce, "Ka auna harufa ɗari biyar a cikin kusan miliyan tara. Wa ya ba ka shaidar sauran?"

Na ji zafin layin nan a lokacin. Yanzu ina ganin gaskiyarta, domin kalmar tana da sharuɗɗa. Sai an karanta kundin halittar ƙwayar, wato DNA ɗinta gaba ɗaya, a kwatanta da na danginta, a ga kamannin bai kai kashi 95 zuwa 96 ba. Sai an bayyana halayenta, zafin da take jurewa, gishirin da take ɗauka, abincin da take ci. Sai an ajiye ta da ranta a rumbunan adana ƙwayoyi biyu a ƙasashe biyu daban, irin DSMZ a Jamus ko JCM a Japan, yadda kowane mai bincike zai iya nema ya gwada da kansa. Sannan sunan ya fito a IJSEM, mujallar da ke tabbatar da sunayen bakteriya, ko ta tabbatar da shi a jerinta. Fitar da samfuri waje ma yana da dokarsa tun yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta ce ƙasar da aka ɗebo abu tana da haƙƙi a cikin amfaninsa. A ganina mai gonar ma yana da shi, shi ya sa na ga amfanin izinin da na nema tun farko. Na karanta ayyukan ɗalibai da yawa da suka kira abu sabo daga launinsa a faranti da rinin Gram, dabarar rina ƙwayoyi don a bambanta su da aka ƙirƙira tun 1884. Ba na zarginsu, kayan aikin ke nan a hannunsu, amma irin wannan da'awa ce ke sa a ƙi ɗaukar aikinmu da muhimmanci ranar da muka zo da na gaskiya.

Kuma ana zuwa da na gaskiya daga ƙasa irin tamu. A 1994 an bayyana jinsuna biyu daga saiwoyin itatuwa a Senegal, ɗaya aka sa masa saheli, ɗaya kuma aka ɗauko sunansa daga teranga, kalmar Wolof mai nufin karɓar baƙo. A 2015 aka bayyana Bradyrhizobium kavangense daga gonakin ƙananan manoma a yankin Kavango na Namibiya. Duk lokacin da na ga waɗannan sunaye sai in tuna yashin Maigatari da dausayin Hadejia zuwa Nguru, da zafin watan Afrilu da ƙwayoyin ƙasarmu ke tsallakewa kowace shekara. Ƙwayar da ta saba da wannan zafi da kanwa tana iya fin wadda aka kawo daga wata nahiya amfani ga manominmu in aka shafa ta a jikin iri, ko tana da sabon suna ko ba ta da shi. Wannan ɓangaren ne nake gwadawa yanzu a tukwane, don ba ya jiran kuɗin karanta kundi.

A kundin digirina an rubuta ta Bradyrhizobium sp., wato an san danginta, ba a tabbatar da jinsinta ba, sai lambar da na ba ta. Na raba ta gida uku, ɗaya a wurinmu, biyu a firizar wasu abokan aiki masu sola. Da na je gida da sallah Kawu ya tambaye ni, "To ɗan nan, yaushe za a yi sunan 'yar taka? Ai an wuce kwana bakwai." Na ce, "Kawu, sai an sami kuɗin ragon." Ya ce dattijon nan na bakin fadama ya aiko a gaya mini bana ma Kanannado zai sa a lungun, kuma kunya biyu na gefen gabas ba zai bari a taɓa su ba sai na zo da kwalabena.