Ciwon rafi ba a cikin rafi yake ba

Aikin farko da aka ba ni guduma ce da guntayen rodi. Lokacin ina karatun digiri na biyu kan albarkatun ruwa a jihar Maryland ta Amurka, sai na samu gurbin koyon aiki a wani kamfani mai gyaran rafuka. Aka tura ni wani ƙaramin rafi da ya ratsa filin shaƙatawar jama'a a wata unguwa da ke bayan birnin Washington. A jikin gaɓa ake kafa rodin, a kwance, a yi ta bugu har kansa ya shafe daidai da ƙasa. Bayan an sha ruwa sai a dawo a auna. Iya tsawon da ya fito waje, iya ƙasar da ruwa ya ci.

Da na koma bayan mako shida, wani rodin ya fito da tsawon yatsa, wani ya kai tafin hannu. Guda ɗaya kuwa ko alamarsa ban gani ba, gaɓar ta rufta da shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ruwan rafin bai wuce idon sawu ba, yaro ma zai tsallake shi. Amma gaɓar ta fi ni tsawo, a tsaye kamar an yanka da wuƙa, saiwoyin bishiyoyi suna reto a iska. A tsakiyar rafin ga rijiyar bututun ƙazanta, ginin kankare wanda a da murfinsa daidai yake da ƙasa, yanzu ta tsaya ita kaɗai kamar rumbu.

Ni ɗan Gombe ne, kwari ba baƙona ba ne. Na taso ina ganin yadda yake raba unguwa biyu, bana ya ci katanga, baɗi ya ci ɗaki. Magani ɗaya na sani: a zuba kankare, a yi wa ruwa hanya miƙaƙƙiya ya wuce. Haka na faɗa wa injiniyar da nake ƙarƙashinta, wata dattijuwa mara yawan magana. Ba ta musa mini ba. Ta ce, "Ranar da ka ga hadari ya haɗu, ka kira ni."

Ranar da aka yi ruwan, ba rafi ta kai ni ba. Can sama muka nufa, filin ajiye motoci na wani rukunin kantuna. Muka tsaya cikin rigar ruwa muna kallon yadda kowane indararo ke zuba a kan kwalta, kwalta ta miƙa wa kwata, kwata ta miƙa wa bututun ƙarƙashin ƙasa. Muka bi layin bututun da ƙafa har inda ya buɗe baki a cikin filin shaƙatawar. Ruwan da ke fitowa daga ciki yana iya kayar da ƙato. Rafin da na sani a idon sawu ya kawo ƙugu, ja wur, yana dukan gaɓa. Kafin la'asar sakaliya ya janye kamar ba a yi ba.

A mota ta miƙo mini takarda ta ce in yi lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan milimita 25 a kan hekta guda lita 250,000 ce. In daji ne, ganye ya tare wani, ƙasa ta sha mafi yawa, sauran ya riƙa tsattsafowa cikin rafi kwana da kwanaki. In kwalta ce da rufin gida, kusan duka zai sauka rafi cikin 'yan mintuna, da zafinsa, da man mota, da gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara. Nan na gane cewa kankaren da nake tunani ƙara wa ruwan gudu kawai zai yi, ya kai ɓarnar ga na ƙasa da mu. An bar jaki ana dukan taiki.

Daga baya na tarar an daɗe da sanin wannan, kuma a yankin nan aka gano da yawa daga ciki. Tun 1953 wani masanin ruwa, Luna Leopold, ya fara auna faɗi da zurfin rafin Watts Branch kusa da garin Rockville na jihar Maryland, wuri ɗaya shekara da shekaru, yayin da gonaki ke komawa gidaje. A 1967 M. Gordon Wolman na jami'ar Johns Hopkins ya bayyana yadda abin ke juyawa: lokacin gini laka ce ke cika rafi, da an gama an shafe ko'ina da kwalta sai ruwa ya riƙa zuwa da ƙarfi ba laka a cikinsa, ya koma yana kwasar ta rafin. Wani masanin kuma, Tom Schueler, a 1994 ya tattara bincike ya nuna cewa da zarar wajen kashi 10 cikin ɗari na ƙasar da ke zuba wa rafi ta zama wadda ruwa ba ya ratsawa, lafiyarsa ta fara taɓuwa.

Gyaran kansa na ji daɗin koyonsa. An kawo katafila aka ɗaga ƙasan rafin da duwatsu da tsakuwa, don in ya cika ya iya malala cikin fadamarsa ya huce, maimakon ya tsaya a rami yana haƙa. Aka jera manyan duwatsu kamar matakala, kowace da ɗan tafki a ƙasanta, ruwa ya faɗa ya rage ƙarfi. Aka kwantar da gaɓar, muka shimfiɗa mata tabarmar zaren kwakwa, muka bi muna soka ɗanyun rassan wilo, wata bishiya mai son ruwa wadda reshenta ke yin saiwa in an dasa shi. Hannuna sun yi kanta a wannan aiki, kuma ranar da na ga rassan sun fara toho na yi murna sosai.

Sai dai akwai abin da har yau bai kwanta mini ba. Kafin katafila ta shiga, sai da aka sare manyan bishiyoyi don a yi mata hanya. Wata tsohuwa da ke yawo a filin kullum da safe ta tsaya kusa da wani kututture ta ce mini, "Ɗana, wannan bishiyar tana nan tun kafin a gina gidanmu." Ina da amsar da aka koya mana, cewa za a dasa fiye da abin da aka sare. Na kasa faɗa. Dashe mai kaurin sanda ba ya ba rafi inuwa sai bayan shekaru masu yawa, ita kuma ta san haka.

Dole a faɗi inda kuɗin aikin ke fitowa. A Disambar 2010 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade yawan laka da sinadaran naitirojin da fosforas da za a bari su shiga mashigin tekun Chesapeake daga jihohi shida da birnin Washington. Kowace ƙaramar hukuma na da kason da za ta rage, kuma gyaran rafi ana lissafa mata shi. Rafin cikin filin gwamnati ba sai an nemi izinin kowa ba, amma gyara filin motoci da rufin gidaje sai an bi masu su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ake yawan zaɓar rafi. A ganina in bututun ƙazanta ya tonu ko gada na shirin rufta, shiga da katafila wajibi ne. In ba haka ba, a fara daga sama.

Rafinmu ma ya nuna mana hakan. Wani ruwa da aka yi kamar da bakin ƙwarya ya zagaye ɗaya daga matakalan dutsen ya haƙa sabuwar hanya ta gefe, daidai ƙasan wancan bututu mai kawo ruwan filin motoci. Da muka ɗaga duwatsu muna neman 'yan tsutsotsin ƙwarin da ake gane lafiyar ruwa da su, masu jure ƙazanta kawai muka samu. Gaɓa ta daina rufta, amma ruwan da ke saukowa bai sake hali ba.

Abin da ya fi shiga raina a ƙarshe ƙaramin abu ne, lambun tare ruwa, wanda aka fara yaɗawa a gundumar Prince George's ta jihar Maryland a farkon shekarun 1990. Ɗan kwari ne mara zurfi a gefen titi ko ƙasan indararo, an cika shi da yashi da taki, an shuka ciyayi. Ruwa ya taru, ƙasa ta shanye.

Ana cikin haka Baba ya kira ni daga Gombe, ya ce zai sa a shafe tsakar gida duka da siminti saboda taɓo. Na ce, "Baba, don Allah a bar wajen gindin darbejiya. A haƙa ɗan rami mai faɗi nesa da katanga, a zuba tsakuwa da yashi, a karkato ruwan kwano can." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To sauro fa?" Na ce in ramin ya yi daidai, kwana ɗaya zuwa biyu ruwan zai ƙafe, sauro kuwa sai ya samu kusan mako kafin ya tashi. Ya ce zai yi shawara da magini.

Da damina ta faɗi ƙanena ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Ruwa na zuba daga kwano yana taruwa a ramin, Baba na tsaye a bakin zaure da lema yana kallo. Washegari da safe aka sake turo hoto: tsakuwa a jiƙe, ba ruwa.