Kwana huɗu ba ni da suna a intanet

Wata safiya na tashi na tarar an rufe mini asusun imel, wai an ga alamar wani na ƙoƙarin kutsawa ciki. Kwana huɗu kacal rufewar ta yi, amma ta isa ta tona mini sakacin da na daɗe ina yi. Duk shafin da ya nemi in yi rajista, sai in danna maɓallin nan na “shiga da asusunka”, don ƙyuyar ƙirƙiro sabuwar kalmar sirri. Ma'ajiyar hotunana, manhajar da nake rubutu a ciki, har da wani kwas da na riga na biya, duk a wuyan asusu ɗaya na rataye su. Da ya faɗi, suka bi shi.

Bayan an buɗe mini, haushi ya sa na zauna na bi diddigin yadda maɓallin yake aiki. Ashe yarjejeniya ce kawai tsakanin shafuka. A 2012 hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ƙa'idar OAuth 2.0, wadda ke ba manhaja izinin taɓa wani ɓangare na bayananka ba tare da ka miƙa mata kalmar sirri ba. A 2014 aka ɗora OpenID Connect a kanta, domin amsa tambayar “wane ne wannan?” Shafin da kake son shiga zai tura ka wurin kamfanin da ke riƙe da asusunka, shi kuma ya mayar da shaida mai sa hannun lantarki cewa lallai kai ne. Tsakani da Allah dabara ce mai kyau, don ta rage yawan wuraren da kalmar sirrina ke kwana. Sai dai mai tsaya mini ɗaya ne tal, ranar da ya yi shiru kuwa, babu shafin da ya san ni.

Daga nan na koma wa passkey, wato makullin lantarki da ake shiga shafi da shi a maimakon kalmar sirri. Tushensa tsarin WebAuthn ne, wanda W3C, hukumar tsara ƙa'idojin shafukan yanar gizo, ta amince da shi a 2019 bayan aiki tare da FIDO, ƙungiyar kamfanoni masu neman madadin kalmar sirri, sannan a 2022 Apple da Google da Microsoft suka yi alkawarin mara masa baya. Makulli biyu ake ƙerawa: na sirri ya zauna a wurinka, na fili ya tafi wurin shafin. Abin da ya fi burge ni shi ne makullin ɗaure yake da ainihin adireshin shafin, saboda haka shafin bogi ko ya yi kama da na gaske kamar an tsaga kara, ba zai samu komai ba.

Murnata ta rage ne lokacin da na sauya waya zuwa ta wani kamfani daban. Makullan suka ƙi biyo ni, dole na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ina ƙera sababbi. Sai a 2024 FIDO ta fitar da daftarin ƙa'idar kwashe makullai daga wata ma'ajiya zuwa wata. Ƙofar shiga an gyara ta tun da wuri, ta fita ce aka bari a baya, ni kuwa ban ɗauka mantuwa ce ba.

Yanzu duk shafin da rasa shi zai hana ni barci, na haɗa masa hanyar shiga ta biyu. Lambobin ko-ta-kwana da shafuka ke bayarwa don shiga idan hanyar farko ta toshe kuma, na kwafe su da biro a takarda.