Koyar da Turanci a ƙasar waje: aikin kunne ne kafin na baki

Kuskuren farko da ɗan sa-kai ke yi idan ya shiga aji a wata ƙasa shi ne yawan magana. Shi yana jin Turanci, ɗalibai ba sa ji, sai ya ɗauka aikinsa shi ne ya cika musu kunne. Minti 45 za su ƙare shi kaɗai yake ta zuba, yara 40 suna gyaɗa kai, a tashi babu wanda ya furta ko jimla ɗaya. Zai fita da gumi yana ganin ya yi aiki, alhali wanda ya motsa bakinsa da Turanci a ranar mutum ɗaya ne, kuma shi ne wanda ba ya bukata.

Iya harshe daban, iya koyar da shi daban. Shi ya sa horo kafin tafiya ba ado ba ne. Kwas ɗin CELTA na Cambridge, na horar da masu koyar da Turanci, yana ɗaukar kimanin awa 120, wato mako huɗu zuwa biyar ga wanda ya ba shi dukkan lokacinsa, kuma a ciki akwai awa 6 na koyar da ɗalibai na gaske, mai horarwa yana zaune a baya yana rubuta kurakuranka. Waɗannan awa shidan su ne zuciyar kwas ɗin. Takardun TEFL, wato shaidar horo kan koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, da ake samu ta intanet suna da yawa, amma wadda babu tsayawa gaban aji a cikinta ba za ta nuna maka cewa kana juya wa yara baya duk lokacin da kake rubutu ba, ko cewa umarninka ya fi darasin kansa wuyar ganewa.

Tsawon zama ma abin dubawa ne. Ƙungiyoyin da suka daɗe a harkar ba su saba da gajeren zango ba. Peace Corps ta Amurka, wadda aka kafa a 1961, tana ba 'yan sa-kanta horo na kusan wata uku a ƙasar da suka je, sannan su yi shekara biyu suna aiki. VSO ta Birtaniya, tun 1958 take, ta fi neman ƙwararru masu gogewa. Mai zuwa na mako biyu kuwa, kafin ya haddace sunayen yara lokacin tafiyarsa ya yi, na bayansa ya zo ya sake farawa daga launuka da sunayen dabbobi. Akwai azuzuwan da aka koya musu ƙirga ɗaya zuwa goma sau ba adadi, ba su taɓa kaiwa ga yadda ake tambayar hanya ba. A ganina zangon karatu guda cikakke shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace. Ka kuma duba kalandar ƙasar: a Japan shekarar karatu tana farawa a Afrilu, a Tailan a Mayu, a Chile a Maris. Wanda ya sauka ana dab da jarrabawa ko hutu, zaman jira zai yi. Batun biza kuma kada a yi wasa da shi, domin a Tailan aikin da ba a biya ma aiki ne a idon doka, yana bukatar izininsa, bizar yawon buɗe ido ba ta wadatar ba.

To, a koma cikin aji, inda maganar take. Tsarin da ya fi aiki ga masu farawa mai sauƙi ne. Minti 5 na farko a maimaita na jiya. Minti 10 a gabatar da sabon abu, kalmomi 6 zuwa 8 da tsarin jimla guda ɗaya tak, da hoto ko da abin a hannu. Minti 20 ɗalibai su yi magana da juna bibbiyu, kai kana zagayawa kana saurare. Sauran minti 10 a gyara kurakurai, a tabbatar abin ya zauna. Lissafin a fili yake: idan kana kiran yara ɗaya bayan ɗaya a aji mai mutum 40, a cikin minti 20 kowa zai samu rabin minti. Idan ka haɗa su bibbiyu, kowa zai samu minti 10. Ajin zai yi hayaniya, kuma wannan hayaniyar ita ake nema, sai dai ka sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka tun da wuri.

Kada ka tambayi aji "Kun gane?" Amsar kullum e ce, ko don kunya, ko don girmama malami. Idan ka ba da umarni, ka gwada shi da ɗalibi ɗaya a gaban kowa, sannan ka yi tambayar da ba a amsa ta da gyaɗa kai: su nawa za su yi aikin tare, rubutu za a yi ko magana, minti nawa aka ba su. Idan kuma ka yi tambaya, ka jira. Binciken Mary Budd Rowe a shekarun 1970 ya nuna malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal kafin su amsa wa kansu ko su wuce ga wani, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi kan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. Wannan a ajin da ake magana da harshen da yaran suka sani ke nan. Ina ga yaron da sai ya juya tambayar zuwa harshensa, ya nemo amsa, ya sake juyo ta? Ka ƙirga biyar a zuci. Shirun zai yi maka nauyi, amma a cikinsa yaron yake aiki.

Kurakuran ɗalibai ba na ganganci ba ne, kowanne yana da tushe a harshen uwa, kuma wanda ya san tushen ya san maganin. Larabci ba shi da sautin p, shi ya sa yake komawa b. Maganinsa takarda ce: a riƙe ta gaban leɓe, idan an furta p daidai iska za ta kaɗa ta, idan b ce ba za ta motsa ba. Mai jin Japananci yana haɗa r da l domin sauti guda yake da shi a tsakaninsu, sai an nuna masa inda kan harshe ke taɓawa. Mai Sifaniyanci yana saka e kafin kalmar da ta fara da s da wani baƙi, domin harshensa ba ya fara kalma haka. Masu Biyetnamanci da Tailanci kan haɗiye baƙaƙen ƙarshen kalma, sai alamar jam'i da ta shuɗaɗɗen lokaci su ɓace, ka zaci nahawu ne ba su sani ba alhali furuci ne. Rashanci da Sinanci kuwa ba su da takwarorin "a" da "the", don haka wannan kuskuren zai daɗe, kada ka ɓata mako guda a kansa.

Yadda ake gyaran ma yana da muhimmanci. A ƙasashe da dama na gabashin Asiya, kunyata mutum a gaban jama'a babban abu ne, yaron da ka tsayar a tsakiyar jimla zai iya rufe bakinsa har ƙarshen zango. Ka riƙe ƙaramin littafi, ka rubuta kurakurai huɗu ko biyar da ka ji yayin zagaye, a ƙarshe ka ɗora su a allo ba tare da suna ba, aji duka ya gyara.

Wannan saurare shi ne dai abin da ake bukata a wajen aji. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Makon farko na kallo ne: wa ake fara gaisarwa, ina ake cire takalmi, yaya malamai ke sa tufafi, da wane hannu ake miƙa abu. A Tailan ba a taɓa kan mutum, ko da yaro ne, ba a kuma nuna abu da ƙafa, don haka shafa kan ɗalibi don yabo, wanda wani zai ɗauka ƙauna ce, kuskure ne a can. Ka koyi jimloli 30 na harshen wurin, ka bari ɗalibai su gyara maka. Yaron da ya ga malaminsa ya yi kuskure bai mutu ba, shi ma zai gwada. Ka kuma sa ran wani lokaci zai zo, bayan ɗokin farko ya wuce, da komai zai riƙa ba ka haushi, daga abinci har yadda ake jinkirta taro. Masanin al'adu Kalervo Oberg ya bayyana wannan tun 1960 a matsayin mataki na biyu cikin huɗu da baƙo kan bi. Yana wucewa, amma ya fi daɗewa ga wanda ya koma zama da baƙi 'yan uwansa kaɗai, ana ta kushe masu gari.

Abu ɗaya da zan ce a guje shi gaba ɗaya: shirin da ke kai baƙi na ɗan lokaci gidajen marayu. A Kambodiya an gano yawancin yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, kuɗin baƙi ne ke sa a raba su da danginsu, har Ostireliya ta sanya wannan cikin nau'o'in bautar zamani a 2018. Duk shirin da zai bar ka da yara bai nemi takardar 'yan sanda mai shaida cewa ba ka da tarihin laifi ba, ba yaran ne a gabansa ba.

Baƙo raɓa ne, malamin wurin kuwa shi zai ci gaba da ajin bayan ka tafi. Ko da Turancinsa bai kai naka ba, ya san manhaja, ya san jarrabawar da ke jiran yaran, ya san wanda ba ya gani daga baya. Kada ka taɓa gyara masa a gaban ɗalibai. Ku ware rabin awa kowane mako ku tsara darasi tare, kuma ka yi amfani da kayan da zai iya samu: allo, alli, katin kwali. Darasin da ya dogara da kwamfutarka zai bi ka filin jirgi. Tun daga ranar farko ka buɗe littafi guda kana rubuta abin da aka koyar da kwanan wata, wasan da ya yi aiki da wanda ya watse, da sunayen yaran da ke bukatar a ƙara jira kafin su amsa. Mako biyu kafin tafiyarka ka miƙa masa littafin da katunan, ka koma kujerar baya, shi ya ja darasin.