Babbar jijiya ta buɗe, amma jini bai isa ba

A ɗakin ƙasɗara, wato ɗakin da ake buɗe jijiyoyin zuciya da waya, inda nake aikin jinya a wani asibiti a Makka, ba abin da ke faranta wa ma'aikata rai kamar ganin toshasshiyar jijiya ta buɗe. An kawo mutum da bugun zuciya, likita ya zura siririyar waya ta wuyan hannu har zuciya, ya hura balan-balan, ya sa da'ama, wato 'yar ragar ƙarfen da ke tokare jijiyar, sannan ya tura ruwan rini. A allo sai ka ga baƙin layi ya miƙe. Kowa ya ce alhamdu lillahi. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, wannan hoton ba ya nuna ko jinin ya kai ga tsokar da ake son ceto.

Manyan jijiyoyin da ke shayar da zuciya uku ne, kuma su da manyan rassansu kaɗai waya ke iya shiga. Daga jikinsu ƙanana ke rarrabuwa, har a kai ga waɗanda faɗinsu bai wuce mikromita 5 zuwa 10 ba (mikromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), inda jajayen ƙwayoyin jini ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. A nan tsoka ke karɓar iskarta. Kamar a buɗe titin Ibrahim Khalil ne alhali lungunan Misfala a cunkushe suke: motar ruwa ta shigo unguwa, amma mutanen gida suna nan da ƙishi.

Abubuwan da ke toshe ƙananan suna da yawa, kuma tare suke zuwa. Idan balan-balan ya matse gudan jini da kitsen da ke jikin jijiya, ɓurɓushinsu kan gangara ya maƙale a gaba. Bangon ƙananan jijiyoyin, da ya daɗe ba iska, yakan kumbura ya rufe hanya. Tsokar da ke kewaye ma ta kumbura ta danne su. Da jini ya dawo sai fararen ƙwayoyi su yi cincirindo su lilliƙe, wani lokaci bangon ya tsage jini ya tsiyaya cikin tsoka. Wato dawowar jinin ma da nata ɓarnar, ko da yake rashin dawowarsa ya fi muni nesa ba kusa ba.

Ba yau aka san wannan ba. A 1974 Robert Kloner da abokan aikinsa a Amurka suka ɗaure jijiyar zuciyar karnuka sannan suka kwance. Inda aka kwance bayan minti 40, jini ya koma cikin tsoka. Inda aka kai minti 90, wani sashe na can ciki bai ƙara karɓar jini ba, alhali babbar jijiya a buɗe take. Shekara uku kenan kafin Andreas Gruentzig ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a Zurich, a 1977.

Wani lokaci tun a kan gado ake gani. Rinin ya riƙa tafiya a hankali, ya tsaya, ya ƙi wankewa, mara lafiya ya ce ƙirjinsa na nan da nauyi, bugun jininsa ya faɗi. Sai likita ya nemi maganin da ke saki ƙananan jijiyoyi, adenosin, ko berapamil, ko naitrofurusayid, a tura kai tsaye cikin jijiya. Sau da yawa hoto kan gyaru. Amma wani lokacin komai tsaf a allo, sai gwajin ECG, wato zanen lantarkin zuciya a takarda, bayan awa ɗaya ya tona asiri: layin da ya tashi saboda toshewar bai sauko ko da rabi ba. Na fi yarda da wannan takardar a kan hoton allo, kuma ina ganin ya kamata a riƙa koya wa sababbin ma'aikata haka tun makon farko. Na'urar MRI ce ke nuna abin ƙarara, wani baƙin tabo a tsakiyar farin wurin da ya mutu. Wani nazari na 2017 da ya haɗa mutum 1,688 ya same shi a jikin fiye da rabinsu, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon haɗarin mutuwa ko komawa asibiti da raunin zuciya cikin shekara guda.

Magani kuwa, har yanzu ba a samu wanda aka tabbatar yana kawar da shi ba. An sa rai da zuƙe gudan jinin kafin a sa da'ama, amma manyan gwaje-gwaje biyu, TASTE a 2013 da TOTAL a 2015, suka nuna yin haka ga kowa ba ya rage mutuwa, na biyun ma ya sami ƙarin shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya rage a hannunmu shi ne lokaci. Ƙa'idar asibiti ita ce a buɗe jijiya cikin minti 90 daga isowa, amma awannin da aka ɓatar a gida ba wanda ke dawo da su.

Nan ne abin ke yi mini ciwo game da mutanenmu. Wani dattijo, mai ciwon suga, ya fara jin nauyi a ƙirji bayan isha'i. Ya ce gyambon ciki ne, aka jiƙa masa kanwa, aka shafa masa man zafi, sai bayan asuba aka kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar a 997. An buɗe jijiyar cikin sauri, amma rinin ya ƙi tafiya. Da na je ɗaukar awonsa sai ya ce, "'Yata, ai ban so in tayar da yara cikin dare ba." Na ce, "Baba, da ka tashe su da ya fi musu sauƙi." Wasu kara ce ke zaunar da su, wasu tsoron maganar iƙama, wato takardar izinin zama, alhazai kuma ba sa son rasa sallar Harami. Masu ciwon suga ma ba lallai su ji zafi sosai ba, sai gumi da kasala da tashin zuciya.

Shi ya sa na canza yadda nake yi wa iyalai bayani idan an kira ni in yi musu da Hausa. Babban ɗan dattijon ya tare ni a ƙofa: "Malama, an ce an buɗe, ke nan ya warke?" Na ce masa an buɗe babbar, ƙananan kuwa sai an ga hali. Na lissafa masa abin da za su kula da shi: kada Baba ya tsallake asfirin da ɗaya maganin hana daskarewar jini ko da kwana ɗaya, ya sha na kitse da na rage wa zuciya aiki, a dawo da shi nan take idan ƙafa ta kumbura ko numfashi ya gagara a kwance. Sannan na sa ya adana ranar hoton zuciya na gaba a wayarsa, domin sai bayan wasu makonni ake sanin ƙarfin da ya rage mata, da kuma ko zai buƙaci na'urar da ake dasawa a ƙirji.