Kwalbar da Ta Yi Numfashi a Hanyar Ngaundare

Kiran ƙanena ya shigo gab da magariba, ina tsaka da tankaɗe. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Adda, abin nan da kika aiko fa yana da rai. Ina buɗe murfin ya yi tsaki, sai kumfa." Rabin man ya tsiyaye cikin buhu, ya jiƙa garin masara da sabulun da Dada ta haɗa masa. Shekararsa ta farko ke nan a jami'ar Ngaundare, can Dang, kuma abu ɗaya ya roƙe ni tun da ya tafi: soyayyen attaruhu, irin wanda yake zubawa a kan shinkafa da wake yana ci yana jan hanci.

Laifin nawa ne, ba na direba ba. Na kai kayan wajen mai inji a bakin layinmu, shi kuwa ba ya markaɗe sai da ruwa. Na dawo na soya sama-sama don kada mota ta tashi ta bar ni, na juye cikin kwalbar mayones da na ɗauraye ban jira ta bushe ba, na ɗaure murfi tam. Duk wannan a watan Afrilu, a Garwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kuma kwalbar a saman mota ta wuni cikin rana. Ai ko gasara aka yi wa haka sai ta tashi.

Da na kai wa Goggo labari, wadda ta yi shekaru tana tuyar waina a Yelwa, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "'Yar nan, ke miya kika yi kika raɗa mata suna yaji. Gobe ki zo da kayanki, kada ki bi ta wajen mai inji."

Washegari na biya ta babbar kasuwa. A nan galibi da Fulatanci ko Faransanci ake ciniki, kowa "piman" yake cewa, amma mu a gida kowanne da sunansa. Attaruhu shi ne mai kumburarren ciki, ja ko rawaya, wanda ƙamshinsa ke riga zafinsa isowa. Tattasai babba ne, kusan ba shi da yaji, aikinsa ba da launi da kauri. Shambo dogo ne. Sai ƙananan busasshen barkono da ake aunawa da gwangwani. Goggo ta gargaɗe ni in zaɓi attaruhu mai tauri, wanda hancinsa ke kore shar, in rabu da tulin da aka karya wa farashi don ya fara laushi. Wanda ya fara ruɓa a kasuwa, in ji ta, a kwalbata zai ƙarasa.

Na je mata da attaruhu kamar rabin kilo, tattasai huɗu, manyan jajayen albasa biyu, tafarnuwa dunƙule guda, ɗanyar citta tsawon babban yatsa, daddawa biyu, gishiri, magi biyu, lemun tsami ɗaya, da man gyaɗa rabin lita. Ita man gida take so, na wajen masu ƙuli. Ni idan ban samu ba nakan sa Diamaor, man audugar nan na Sodecoton. Yana yi, sai dai ba shi da wancan ƙamshin.

Muka wanke, ta sa na baza a faifai har ruwan jikinsu ya tsane tas. Sannan turmi. Aka jajjaga da ɗan gishiri, ba a ɗiga ko ɗigon ruwa ba, kuma ba a bari ya yi laushi kamar kunu ba, ana ganin ɓarɓashinsa. Ta ɗora tukunya mai kaurin gindi, mai ya yi zafi, albasa ta fara shiga har ta soma ja, sai aka juye jajjagen. Nan take ta kwashe rabin garwashin ta tura gefe.

A nan darasin yake. Goggo ba ta duba agogo, kunne take sawa. Da farko tukunyar tafasa take yi ɓal-ɓal, tururi na tashi, kowa a tsakar gida sai tari, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ke son kashe mutane. Goggo ta ce, "Kin ji wannan ƙarar? Ruwa ne ke fita. Muddin kina jin ta, ba a gama ba." Na yi ta juyawa da ludayin katako, hannu ya gaji na canza. Can wajen rabin awa ta matse lemun tsamin a ciki, aka ci gaba. A hankali ƙarar ta sirance, ta koma 'yar shuuu ƙasa-ƙasa. Launin ya tashi daga ja jawur ya koma ja mai duhu, abin da ya cika rabin tukunya ya tsuke ya kwanta a gindi, mai ya taso sama garau. Ni da na saci kallon wayata, minti 50 na ƙirga. Rannan ko 15 ban cika ba.

Kwalbar ma sai da aka tafasa ta da murfinta, aka kife a rana. Aka bari yajin ya huce, aka zuba, aka danna shi ƙasa, mai ya rufe shi da kaurin yatsa guda. Sharaɗin cinsa ɗaya ne: busasshen cokali, wanda bai shiga bakin kowa ko kwanon miya ba.

Daren ranar ban yi barci ba. Da hannu tsirara na yi ta tsaga attaruhun ina cire cikin wasu don rage zafi, sai bayan isha'i yatsuna suka kama da wuta. Na tsoma su a ruwan randa, da na ciro sai abin ya dawo sabo. Da safe Goggo ta ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, da na shafa mai na wanke da sabulu, ko na tsoma cikin kindirmo. Ƙanena ne daga baya ya yi mini bayanin dalili. Sinadarin da ke sa yajin sunansa kafsaisin, a cikin mai yake narkewa, ruwa ba ya ɗauke shi, shi ya sa wanda yaji ya kama ya sha ruwa bai yi komai ba, nono ne maganinsa. Kuma ba a cikin 'ya'yan ya fi yawa ba kamar yadda na daɗe ina zato, a farin naman nan ne da 'ya'yan ke manne da shi. Wai jijiyar da ke sanar da jiki cewa wuta ta taɓa shi, wadda ke farkawa idan zafi ya kai wajen digiri 43, ita yake ruɗa. Tsuntsaye kuwa ba sa jin sa ko kaɗan. Na tuna kajinmu da ke tsattsagar barkonon da aka shanya hankali kwance.

Har ma'auni gare shi. Wani mai haɗa magunguna a Amurka, Wilbur Scoville, ya fito da shi a 1912. A wannan awon tattasai marar yaji sifili ne, dangin attaruhu kuma daga 100,000 zuwa 350,000. Na karanta wa Goggo, ta taɓe baki ta ce ita harshenta ya ishe ta. Ashe shi ma mutumin da harshen mutane ya auna: ruwan sukari yake ƙara wa barkonon, masu ɗanɗanawa suna lasa har su daina jin zafi. Wannan ya yi mata daɗi. Abin da har yau ta ƙi yarda da shi shi ne barkono baƙo ne a wajenmu. Asalinsa Meziko da Kudancin Amurka, sai bayan 1492 jiragen ruwan Sifen da Fotugal suka watsa shi duniya. Kafin nan da masoro da kimba da citta ake ɗumama miya. Ta ce to ai su ne har yanzu a yajin daka.

Yajin dakan ba shi da wata wahala, ban da atishawa. Busasshen barkono, busasshiyar citta, masoro, kimba, kanumfari kaɗan don yana danne sauran, gishiri, sai ƙuli-ƙuli idan na tsire ne ko na dafaffen rogo. A ɗaure hanci da ɗankwali, a daka, a tankaɗe da rariya, a sake daka tsakin. Da hunturu na fi yin sa, lokacin da komai ke bushewa ƙayau. Marar ƙuli ya fi daɗewa, mai ƙulin yakan canza wari idan ya kwana biyu.

Akwai kuma irin na mutanen kudu, wanda suke haɗawa da seleri da sauran ɗanyun ganye, ake ba da shi da gasasshen kifi. Ban raina shi ba, a kan kifin madatsar ruwan Lagdo babu kamarsa, amma na yau ne da gobe, ba na aike ba. Wanda nake tsoro shi ne yayin da na ga wasu na yi, su yanka ɗanyar tafarnuwa da attaruhu su zuba mai a kai su ajiye a kan kanta. Inda iska ba ta shiga kuma babu tsami, akwai ƙwayar cutar da kan iya girma ta sa guba mai kisa, ba lallai a ji wari ba. Ko soyayyen ma ni a firij nake sa shi, idan kuma wuta ta yi ta ɗaukewa, na mako guda kawai nake yi.

Kwalba ta biyu na naɗe ta da leda biyu da tsohon zane, na roƙi yaron mota ya sa ta ƙarƙashin kujera, ban da sama. Ta isa lafiya. Kwana tara tsakani sai ga kira. "Adda, ta ƙare. Abokan ɗakina ne, wani ɗan Duwala ma a burodi yake shafawa." Na ce to ya dawo mini da kwalbata tukuna. Ya ce zai ba mota, amma wai don Allah wannan karon kada in cire cikin ko ɗaya.