Wasiƙa daga Amurka: Kafin Ku Sayi Tsohuwar Mustang Mai Naɗe Rufi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Duk mai sha'awar tsofaffin motocin Amurka masu naɗe rufi, Ford Mustang ta 1965 ko 1966 ce kan fara ɗaukar masa ido. An fara fito da Mustang a watan Afrilun 1964, kuma har yau kayan gyaranta ba sa wahalar samu a nan. Amma don Allah kada ƙyallin fenti ya ruɗe ku. Ƙarƙashin motar ake fara dubawa.

Wannan mota ba ta da shasi daban, bodin ne ke riƙe da kansa. Tunda babu rufin ƙarfe, nauyin duk ya koma kan daɓen ciki da ƙarafan da ke bin ƙasan ƙofofi. Idan tsatsa ta ci waɗannan, motar lanƙwashewa take yi a tsakiya. Ku sa jak ku ɗaga ta, sannan ku buɗe ƙofa ku rufe. In ta cije, ko ratar da ke bakinta ta canza, ku haƙura da ita. Ku zuba ruwa a ragar iskar da ke gaban gilashi, ku leƙa ƙarƙashin dashbod. In ruwa ya ɗigo kan kafet, ciki ya ruɓe, kuma gyaran wurin sai an yanka kwano an yi walda. Ku bi gefen tayoyi da maganaɗisu; inda ya ƙi kamawa, foti aka cusa. Motar da ta zauna a Arizona ta fi ta Michigan ko Ohayo lafiya, domin a Michigan da Ohayo gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi kuma yana jawo tsatsa.

Lambar shaidar da kamfani ya buga wa motar tana kan ƙarfen gefen hagu cikin ɗakin injin. Lamba 08 a cikinta na nufin mai naɗe rufi ce tun daga kamfani. Harafi na biyar shi ne injin: T mai silinda 6, C da A masu silinda 8, K kuwa mai ƙarfin doki 271, shi ya fi tsada kuma shi aka fi yin jabunsa. Dole lambar ta dace da ta takardar mallaka.

Rufin lantarki famfon mai ne ke ɗaga shi, yana bayan kujerar baya. In yana tafiyar hawainiya ko ya karkace, wataƙila mai ne ke yoyo. A zuge zif ɗin tagar roba ta baya kafin a naɗe, kuma kada a naɗe rufin a jiƙe.

Birki kam ba ma yi masa sassauci. Motocin kafin 1967 tukunyar man birki ɗaya gare su, bututu ɗaya ya fashe birkin ƙafafu huɗu ya tafi. A canza zuwa mai gida biyu tun ranar farko. A sauya robobin fetur, saboda man yanzu mai haɗin etanol yana cinye tsofaffi.

Wanda zai kai ta gida, sitiyarinta a hagu yake kamar namu, sai dai ranar Kano ko Damagaram tana fasa rufin roba, don haka inuwa dole ce. Lokacin jin daɗinta bayan la'asar ne, rana ta yi sanyi, an naɗe rufi, gudu bai wuce kilomita 70 ba, kana jin gurnanin injin da ƙamshin ciyawar bakin hanya.

A gaida mutanen gida.